Malam Cindo na Gagarawa, mai tsefe hasken sama

Ranar Talata, tara ga watan Ƙaramar Salla, shekara ta 1345 ta Hijira, wadda Nasara ke kira 1927, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Cindo ɗan Malam Ilu a gidansa na gona, wajen garin Gagarawa kan hanyar Sule Tankarkar. Ya yi kwana goma sha ɗaya yana fama da ciwon haƙarƙari. Shekarunsa sittin da 'yan kai. Labarin ya same ni a Gumel washegari da hantsi, ta bakin wani mai jaki da ya kawo gero kasuwa, bayan an riga an yi masa sutura. Allah ne Ya ba mu shi aro, kuma Shi ne Ya karɓi abinSa.

Ni da nake rubuta wannan, Ya'u ne, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana rubuta shari'a a gaban alƙali. Ba na cikin aminan mamacin, ba mu haɗa jini ba, kuma ranar da na fara ganinsa ƙararsa aka kawo. Amma iyalinsa sun nemi in rubuta, don ya taɓa gaya musu cewa idan za a faɗi wani abu a kansa bayan ransa, ni zan faɗa. Zan yi yadda na saba. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini.

An haife shi a Gagarawa da ɗan yatsa na shida a hannun hagu, shi ya sa Cindo ya danne sunansa na yanka. Ya yi shekara tara yana karatu a Damagaram. Ya taɓa fiƙihu daidai gwargwado, amma inda zuciyarsa ta zauna shi ne hisabi da manzilolin wata. Da ya dawo gida, shi manoma ke tambaya wane tauraro ake ciki, kwana nawa ya rage ya fita. Ba ya duba, ba ya bugun ƙasa. Wanda ya zo neman sanin abin da zai same shi gobe, sai ya ba shi ruwa ya sha, ya sallame shi. Mutum ne mai taurin kai, mai gajen haƙuri da wanda ba ya sauraro, kuma dangar gonarsa ba ta taɓa tsayawa daidai ba.

A shekarar da Turawan Ingila da na Faransa suka zo yankan iyaka suka yi zango kusa da Maigatari, a cikinsu akwai wani hafsan Faransa wanda aikinsa auna taurari ne, don a san inda za a kafa kowace alama. Mutumin ya zauna cikin Larabawan arewa, yana jin Larabci, kuma yana neman wanda za su fahimci juna. Aka nuna masa Malam Cindo. Wata bakwai suka yi tare a kan hanya. An gaya mini kullum cikin gardama suke a kan sunayen taurari da lokacin fitowarsu. Da za su rabu, hafsan ya ciro wani abu daga aljihunsa ya ba shi.

Na riƙe abin nan da hannuna, don haka zan iya siffanta shi. Ɗan bututu ne na farin ƙarfe, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. A baki ɗaya akwai tsaga siririya kamar kaifin aska, a ciki kuma akwai gilashi mai kusurwa uku. Idan ka fuskantar da tsagar ga haske, ka sa ido ta ɗaya bakin, ba za ka ga farin haske ba. Za ka ga ya warware ya zama kamar ɗan saƙi mai launuka a jere, ja, ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi har zuwa ruwan shuni, daidai da jerin bakan gizo. Malam ya sa masa suna matsefi, domin a cewarsa haske kitso ne, wannan kuwa tsefe shi yake yi.

Duk sauran rayuwarsa a kan abin nan ta tafi. Ya lura cewa hasken rana, idan ya bugi farar katanga aka tsefe shi, yana da baƙaƙen zare sirara da suka ratsa launukan, kowanne da mazauninsa da ba ya sakewa. Harshen wuta kuwa, idan aka barbaɗa masa wani abu, sai ya fitar da zare mai haske. Ya riƙa zama a maƙera yana roƙon a sa masa tagulla a wuta, yana bin mata a madafa yana neman toka da gishirin Bilma. Matarsa, Safara'u, ta ce mini babu ƙwaryar kanwa da ta taɓa ajiyewa a gidan ta same ta yadda ta bar ta. A kanwar ne ya ga abin da ya fi girgiza shi. Tana fitar da zare rawaya mai ƙyalli, kuma mazauninsa shi ne daidai inda rana take da wani baƙin zare. Hafsan ya riga ya gaya masa cewa masana a ƙasarsu suna ɗaukar wannan alama ce ta cewa abin da ke cikin kanwa yana cikin rana. Malam bai yarda ba sai da ya gani sau da yawa. Da ya yarda kuma, sai ya faɗa a kasuwar Maigatari a gaban fataken kanwa. Shekara da shekaru, idan ya wuce, suna tambayarsa yaushe zai sauko musu da kaya guda daga sama.

A watan Muharram na 1328 tauraruwa mai wutsiya ta fito da yamma bayan magariba, mai girman da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Tsoro ya kama mutane, kowa da fassararsa. Wani makiyayi da ke zaune gabas da Sule Tankarkar, Bappa Sajo, an gaya masa alamar annobar shanu ce, har ya ƙudura zai rabu da garkensa kafin ya mutu a hannunsa. Ya zo wurin Malam da ɗan maraƙi a igiya don a duba masa. Bappa Sajo da kansa ya ba ni labarin. Ya ce Malam ya tsaya da shi har rana ta faɗi, ya tsefe hasken tauraruwar, ya miƙa masa bututun ya ce ya duba da kyau. Ya ga ɗan zare rawaya. Malam ya ce masa irin na kanwar da yake ba shanunsa ne, halitta ce mai tafiya a hanyar da aka yanka mata, kuma shi bai san abin da zai sami garke ba, haka ma wanda ya tsorata shi bai sani ba. Ya sa shi ya koma da maraƙinsa. Bappa Sajo bai rabu da shanunsa ba, kuma jikokin shanun nan suna kiwo har yau.

Haɗuwata da shi ta zo a 1331, shekarar da damina ta ƙi. An yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya fita shuka, Malam ya bi maƙwabta yana ce musu su riƙe irinsu tukuna, iska a bushe take. Kaɗan ne suka ji. Shuka ta fito ta ƙone, aka sake, ta sake ƙonewa. Daga nan magana ta fara yawo cewa kullum da safe ana ganinsa yana nuna gabas da ƙarfen Nasara, kuma duk hadarin da ya nuna sai ya watse. Wani manomi, Ɗantala, wanda irinsa ya ƙare ƙaƙaf, shi ya jagoranci mutum goma sha biyu suka kawo ƙara.

Ni na rubuta zaman. Malam ya nemi a rufe ƙofar zauren da tabarma, a kunna fitila. Ya barbaɗa garin kanwa a harshen wutar, ya ba alƙali bututun. Alƙali ya daɗe yana kallo. Sannan aka ɗage tabarmar, ya nuna masa sararin sama, ya ce kusa da mazaunin zaren kanwa akwai wata inuwa da ke yin kauri idan iska tana da danshi, ta dushe idan ta bushe, kuma ita yake dubawa kowace safiya. Alƙali ya tambaye shi ko za a yi ruwa bana. Ya ce abin yana nuna danshin yau ne, ba ya nuna na gobe. Alƙali ya ce, to, mutanen nan sun ce yana kore hadari.

"Allah Ya gafarta malam," in ji shi, "da yana kore hadari, da na jefa shi rijiya tun shukar fari. Gonata ma a ƙasar nan take."

A nan dole in faɗi nawa. Ni ne na matsa kusa da alƙali na ce a karɓe bututun a ajiye, don hankalin jama'a ya kwanta. Ban yi ƙasa da murya yadda na zata ba, Malam ya ji ni, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Alƙali ya ce ba a karɓe wa mutum kayansa ba tare da laifi ba, kuma bai ga laifi ba. Amma ya ba shi shawara ya ɗan janye daga cikin gari har zukata su huce. Malam ya koma gonarsa ya yi bukka, daga baya ya gina ɗaki biyu. Bai sake kwana cikin Gagarawa ba.

Yunwar da ta biyo baya ba sai na ba kowa labarinta ba. Malam yana da rumbu ɗaya da bai taɓa ba, da irin da ya ƙi zubawa a busasshiyar ƙasa. Safara'u ta ce wata rana da hantsi ya dawo daga bakin hanya da mutum bakwai a bayansa, ya ce ta ƙara ruwa a tukunya. Ɗantala ne da iyalinsa, sun fito za su yi kudu, ƙafa ta ƙi ɗaukarsu. Suka zauna a gidan har kaka ta zagayo. Ta ce a duk watannin nan ba ta ji an ambaci ƙarar ba ko sau ɗaya, sai dai faɗan da yake wa Ɗantala a kan yadda yake riƙe hauya. Ɗantala ne ya haƙa kabarinsa ranar Talata, kuma ya hana kowa ya karɓe shi.

A 1340 wasu fatake daga Damagaram suka kawo masa dogon akwati. Daga hafsan nan ne. Yaƙin Jamus ya cinye masa hannun dama, ya daina aikin taurari, sai ya aiko wa Malam madubinsa na hangen nesa, mai ƙafa uku, tare da wasiƙa cikin gurgun Larabci, da zanen wani yanki na sama, da hoto ɗaya. Na karanta wasiƙar. Ta ce a sama akwai waɗansu ƙananan hazo da ba sa gushewa daga wurinsu, waɗanda a manyan madubai suke fitowa a naɗe kamar saƙar faifai. Masana suna gardama a kansu. Wasu sun ce kusa suke, wasu sun ce kowanne taron taurari ne irin ranarmu, masu yawan da ba a ƙirgawa, can bayan duk taurarin da ido ke gani. Da aka tsefe haskensu, yawancinsu sun ba da baƙaƙen zare irin na rana. Amma akwai ɗaya, kudu da manzilar Buɗaini, da zuciyarsa take fitar da zare masu haske irin na harshen wuta, mafi ƙarfinsu kore, kuma babu wanda ya san abin da ke ci a wurin. Hoton na wannan ne, ɗan tsiri mai toka-toka da ɗigo uku ko huɗu a kansa. Hafsan ya faɗa a fili cewa su ma da babban madubi da na'urar hoto suka kama shi, bayan an bar ta a buɗe dare da yawa, kuma ba ya zaton idon mutum zai iya. Ya aiko ne don ya san abokin gardamarsa zai so ya ji.

Malam bai tsaya a ji ba. Kaka biyu ya yi kafin ya gano hazon a madubin. Wani maƙeri ya yi masa zobe, wani baduku ya ɗinka masa kube na fata, suka haɗa matsefin da bakin madubin. 'Yarsa Lauratu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke riƙe masa lissafin kwanaki tana juya masa ƙafar madubin. A cikin shekarun nan ne yanar ido ta fara rufe masa na dama, ya koma duba da na hagu, shi ma ya fara dushewa.

Daga nan, Malam, da kai nake magana.

A kakar 1344 ka zo Gumel a kan jakinka, ka same ni a ƙofar gida. Shekara goma sha uku ke nan ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Ka ce kana so in je in duba maka wani abu. Na tambaye ka me ya sa ni, ga malamai, ga masu ido fiye da nawa. Ka ce, "Lauratu ta ce ta gani, amma ita 'yata ce. Kai kuwa ba ka taɓa gaya mini abu don ya yi mini daɗi ba."

Na bi ka. An gama girbi, ruwa ya wanke sama, babu wata. Bayan lisha ka sa na zauna a tsakiyar gona ka rufa mini baƙin zane a kai na ɗan lokaci, don ido ya saba da duhu. Da na sa ido a madubin na ga hazon, wannan kam na gan shi, kamar an ɗiga garin gero a kan baƙar riga, tsakiyarsa ta fi gefensa haske. Sai ka ɗaura matsefin ka ce in sake dubawa, kada in kalle shi kai tsaye, in kalli gefensa, in yi numfashi a hankali. Ba ka gaya mini abin da zan nema ba, amma na riga na karanta wasiƙar a zaurenka da isowata, na san zare kore ne. Na duba har ido ya yi ruwa. Kana tsaye a bayana, ina jin numfashinka. Na san idonka na tafiya, na san wata kakar ba lalle ta same ka kana gani ba, na kuma san kalma ɗaya daga bakina za ta ishe ka. Ba wanda zai taɓa ƙaryata ni.

Ka ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Malam, ban ga komai ba."

Muka sake washegari, muka sake jibi. Amsar ba ta sake ba. A dare na uku ka kwance matsefin ka sa a aljihu, ka ce to madalla, haka za a rubuta. Da safe ka rako ni har bakin hanya, ka ɗaura mini damin dawa a bayan jaki, kana mini hirar yadda tsuntsu ya yi ɓarna bana. Ban ga komai a fuskarka ba. Sai a makon nan Safara'u ta gaya mini ka yi kwana biyu ba ka ci abinci ba bayan tafiyata. Kafin kaka ta zagayo yanar ta rufe maka ido biyun. Ka yi sauran kwanakinka a zaure kana koyar da manziloli da ka, kana faɗa da wanda ya haɗa Surayya da Dabaran.

Da na je gaisuwa ranar Alhamis, Lauratu ta fito mini da gafakar takardunka. Ganye ɗari uku da wani abu ne, kowanne da kwanan wata, da abin da aka tsefe, da zanen inda zare ya faɗa. Ta buɗe mini na ƙarshe da ka rubuta da hannunka, rubutun ya karkace, layi yana hawa layi. Ga abin da ke ciki, ban ƙara ba ban rage ba:

"Na ga kamar zare kore a zuciyar hazon sau biyu. Lauratu ta ce ta gani. Ya'u ya duba dare uku, bai gani ba. A ɗauki maganar Ya'u. Ni ina so in gani, Lauratu tana so in gani, shi kuwa ba ruwansa."

Lauratu ta nemi in rubuta wa hafsan labarin rasuwarka, in haɗa da wannan ganyen. Zan kwafe shi yadda yake, ba zan gyara harafi ba. Amma a nan, inda ba shari'a nake rubutawa ba, zan gyara maka kuskure ɗaya, Malam. Da ruwana. A duk shekarun da na yi ina sauraron shaidu, ban taɓa son wani abu ya zama gaskiya ba kamar yadda na so zaren nan ya fito mini. Ban gaya maka ba a bakin hanya, ina ganin akwai sauran lokaci.

Ya Allah, ga bawanKa Cindo ya zo maKa. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani. Ka yafe masa zafin harshensa saboda tukunyar da ya ƙara wa ruwa a shekarar yunwa. Ka sa ya amsa tambayar kabari daidai, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi, Ka mayar masa da ganinsa fiye da yadda Ka karɓa. Ka sa Aljanna ce makomarsa, shi da iyayensa da malamansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Safara'u, wadda ta bi shi gona ranar da gari ya ƙi shi, da Lauratu, da dangin Malam Ilu na Gagarawa da na Maigatari, da Ɗantala da gidansa, da Bappa Sajo, da duk wanda ya taɓa zama a zaurensa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ku ladan haƙurin, Ya riƙa muku abin da ya bari. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, kuma Ya sa a sami mai faɗin gaskiya a kanmu. Amin.